Direbobin Makka, ku daina rage wa taya iska da sunan zafi



Zafi ya shigo, kuma tsohuwar maganar nan ta sake dawowa majalisunmu na Shari'a Mansur da Misfala: wai idan rana ta yi ƙuna a rage wa taya iska don kada ta fashe. Wallahi wannan shawara kashe mutane take yi. Mai ba da ita ko ya shekara talatin yana tuƙi, a kan wannan dai ya yi kuskure.

Ku tsaya ku ji dalili. Tayar da ba ta da isasshiyar iska lanƙwashewa take yi duk juyi ɗaya, gefenta yana murɗewa yana miƙewa. Wannan murɗewar ita ke haifar da zafi a cikin robar. Ka haɗa shi da kwaltar titin Hijira da azahar, tafiyar sama da kilomita 400 zuwa Madina, mota cike da iyalin kafili da jarkokin Zamzam a but. Robar sai ta rabu da wayar da ke cikinta, ka ji fam, sitiyari ya ƙwace. Gaskiya ne iska tana ƙaruwa idan taya ta ɗauki zafi, amma masu ƙera ta sun sa wannan a lissafi. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai 'yar takarda da aka manna mai lambar iskar da motar ke so. Ita za ka bi, ka rabu da ta bakin mai banshar. Kuma a auna da sassafe kafin mota ta yi tafiya. Wanda ya auna bayan ya taso daga Jidda ya ga lamba ta hau ya sace iska, gobe da asuba tayarsa a kwance take bai sani ba.

Sai tsohuwar taya. A gida mun saba da 'yar Beljiyam, mu duba zanen ƙasa in da sauransa mu ce madalla. To nan zane ba ya isa hujja. Taya tana iya zama da zane kamar sabuwa alhali robar ta bushe ta tsattsage. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara biyar a wannan ƙasa mai ƙuna ni ba na yarda da ita, ko da a kanti ta yi zamanta ba ta taɓa taka ƙasa ba. Hukumar kasuwanci ta ƙasar nan ma ta hana sayar da tayoyin da aka yi amfani da su, amma har yanzu za ka ga ɗan uwa ya bi lungu ya sayo don ya rage riyal ɗari. Riyal ɗarin nan ko kuɗin saɗaha ba zai biya maka ba ranar da ta ajiye ka a hanyar Sail.

Wani zai ce ai ajali ne, Allah ne mai tsarewa. Haka ne, babu musu. Amma dukkanmu mun zauna gaban malam da allo, babu malamin da ya koya mana cewa sakaci shi ne tawakkali. Motar amana ce, rayukan da ke cikinta amana ne. Kuma zafin nan ba irin na Kano ba ne balle a ce mun saba. A aikin Hajjin 2024 ma'auni ya kai 51.8 a Harami, mahajjata sama da 1,300 suka rasu. Gwamnati da kanta takan hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Ƙarfe da roba ma suna jin abin da jiki ke ji.

Ɗabi'a ta biyu da muka kwaso daga garejin gida ita ce ruwan famfo a lagireto. Ruwan famfo yana kawo tsatsa da ƙasa-ƙasa, ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto, ya cinye famfon ruwa a hankali. Ruwan lagireto na gaskiya, kore ko ja, yana jure zafi fiye da ruwa zalla kafin ya tafasa, kuma yana hana tsatsa. Sai dai kada a cakuɗa iri biyu, a nemi wanda motar ta zo da shi. Har na ji masu zuba Zamzam don albarka. Haba jama'a! Zamzam na sha ne, lagireto ba ya neman tabarraki.

Haka masu cire tamostat su haɗa fanka kai tsaye, wai motar Turai ce an yi ta don sanyi. Motocin da ake sayarwa a nan don Khalij aka ƙera su. Idan mota tana zafi akwai dalili: ko fanka ta mutu, ko murfin lagireto ya saki, ko tiyo yana yoyo, ko ƙura ta toshe gaba. Bakaniken da ya fara da cire tamostat ɓoye ciwon ya yi, ranar da kake hawan dutsen Hada zuwa Ɗa'ifa da esi a kunne zai fito fili. In allura ta fara hawa, kashe esi, nemi gefe ka tsaya. Kada ka taɓa murfin nan sai inji ya huce, ko da rabin awa ne ka jira, domin ruwan da zai feso yana saɓule fatar fuska. Wanda ya ce bari in lallaɓa in ƙarasa, gasket ya ƙone, wani lokaci inji ya buga gaba ɗaya.

Batir kuwa zafi na cinye shi fiye da sanyi, idan ya fara jan ƙafa da safe a kai a auna. Laita, turare da fawa bank kada a bar su gaban gilashi. Yaro kuma ko na minti biyu ne, ko za ka shiga baƙala ka fito, kada ka bar shi cikin mota a rufe.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Da yawanmu mun san duk wannan, tsoron kafili ne ke rufe mana baki. Ka ce taya ta mutu, ya ce bukra insha Allah, kai kuma ka yi shiru don kada a ce kana son cin kuɗi. To ranar da ta fashe, kai ne a gaban sitiyari, kai murur da Najm za su tarar a wurin, kuma shi wanda ya ce bukra zai iya cewa ba ka taɓa faɗa masa ba. Saboda haka ka daina faɗa da baki kawai. Ɗauki hoton tayar da lambobin nan huɗu, tura masa ta WhatsApp da ladabi, ka ajiye saƙon. In yana zarginka, ce masa ya zo ku je banshar tare, ya biya da hannunsa ya karɓi fatura. Kada ka karɓi kuɗin sabuwa ka sayo tsohuwa ka soke canji, masu yin haka su suka ɓata mana suna har ba a yarda da mu. Kuma cin fahas na shekara ba ya nufin mota ta shirya wa watan Yuli, dubawar rana ɗaya ce.

In ya dage sai an tafi Madina da tayar da ta tsage, ka ce masa cikin gari za ka iya lallaɓawa, amma babban titi a'a, kuma ka nuna wa uwargida hoton tunda 'ya'yanta ne a kujerar baya. Ku riƙa ajiye jarkar ruwan sha a mota, ku duba iskar safaya ita ma, kuma idan wani abu ya faru a hanya lambar gaggawa a yankin Makka 911 ce.