Fati Nijar: Maraɗi ta haifa, Kano ta mora

Binta Labaran, wadda aka fi sani da Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi ce, amma sai da ta ƙetare iyaka ta sauka Kano sannan aka san da muryarta. Can ta riƙa rera waƙoƙin da ƴan wasa ke hawa a finafinan Hausa, ta fito a wasu da kanta, waƙarta "Girma Girma" ta game ƙasar Hausa, har aka yi mata laƙabi da Gimbiyar Mawaƙa. To, wace gudummawa garin haihuwarta ya ba ta?

Daga unguwar Zariya har Tibiri da Jiratawa, da wuya a watse biki ba a sa waƙar fim ba. Uwar amarya ta taka, ƙawaye su yi liƙi. Kashegari, in yarinyar gidan ta ce waƙa da wasan kwaikwayo take son koyo, sai a ce ta kama hanyar lalacewa. Ana son waƙar, ana ƙyamar mai ita. Munafunci dodo ne, mai shi yakan ci.

Masu suka suna cewa sana'ar baƙuwa ce, kwaikwayon Indiya ce. A kan rawar saurayi da budurwa cikin lambu suna da hujja. Amma haɗa waƙa da kwaikwayo ba daga Indiya ya zo ba. Ƴan mata sun daɗe suna yin sa a tashen watan azumi da gaɗar dandali. Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, ta shafe rayuwarta tana amada a gaban matan aure. A zamanin Seyni Kunce kuwa, tun daga bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, ƴan matan samariya sun hau dandamali da sunan jihohinsu, iyaye na tafi.

Malamai ma ba su kuɓuta daga laifi ba. Ana karantar da Moliyer da Faransanci, shi da ya cakuɗa wasa da kiɗa da rawa a gaban sarkin Faransa tun 1661, amma wasan Hausa sai ranar shagalin ƙarshen shekara. Sakamakon a fili yake: yarinya mai baiwa ta bi hanyar Ɗan Isa zuwa Kano ba horo, ba takardar yarjejeniya, ba mai tsaya mata. A biya ta sau ɗaya, wasu su yi ta cin gajiyar muryarta.

Kowace makaranta ta kafa rukunin wasan Hausa mai aiki duk shekara. Ƙungiyoyin al'adu su buɗe wa ƴan mata dandamali da sanin iyayensu, su koya musu rajistar waƙa a hukumar BNDA mai kare haƙƙin masu fasaha. Inda sana'ar ta karkace a miƙe ta, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Garin da ya ƙi renon mawaƙiya ba shi da bakin alfahari da ita ranar da ta yi suna.