A Keɓe Wa Yara Filin Wasa

Jama'a, duk wanda ya bi ta Furfuri ko wani gari na ƙasar Bunguɗu da damina ya ga abin da mu ke gani: da an tashi makaranta sai yara su zarce kududdufi. Ba mu ga laifinsu ba, gama yaro ba ya ƙin ruwa. Amma a ruwan kwance dodon koɗi ke zama, shi ne kuwa ke goyon tsutsar tsargiya, wadda ke huda fata ta shiga jini. Sa'an nan yaro ya dinga fitsarin jini, ya rame, karatu ya gagara.

Bulala ba ta hana wannan. A biranen Turai akan keɓe wa yara fili mai famfo da ke fesa ruwa mai tsabta, ba a barinsa ya taru. Mu ma ba za mu kāsa ba. Abin bukata fili ne kusa da makaranta, da inuwar dogon yaro, da rairayi, da famfo guda wanda ruwansa ke malala lambu.

Tsarin mulki na 1999 ya ɗora kula da irin waɗannan filaye a wuyan ƙananan hukumomi. Saboda haka malamai da ma'aikata, mu kai maganar gaban majalisa tun damina ba ta faɗi ba. Allah ya raya mana su.