Kada A Jingine Madubin Likita

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Haka abin yake ga sankarar jini mai saurin kisa da ke tsirowa cikin ɓargo, wadda likitoci ke kira AML. A shekarar 1976 masana bakwai daga Faransa da Amurka da Ingila suka rarraba ta iri-iri, daga M1 zuwa M6, bisa kamannin ƙwayoyin jini a madubin likita da yadda suke shan rini.

A 1977 Janet Rowley ta Jami'ar Shikago ta gano cewa a cikin irin M3, kuromosom na 15 da na 17, watau biyu daga ƙunshin da ke riƙe da gadon halitta, sun yi musayar yanki. Ashe abin da ido ke gani, ƙwaya cike da tsaba-tsaba da siraran sanduna kamar damin kirare, shaidar wannan ɓarna ce.

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da gwajin gado cikin rabon cutar, kuma da gaskiyarta, gama akwai ɓarna irin ta FLT3 wadda ido ba ya iya tabbatarwa, alhali tana da nata magani. To, amma wanda ya ɗauka madubi ya zama tsohon yayi ya yi babban kuskure.

Irin M3 yakan hana jini daskarewa, har majinyaci ya rasu da zubar jini a ƙwaƙwalwa cikin 'yan kwanaki. Maganinsa ATRA, dangin bitamin A, likitocin Shanghai ne suka bayyana amfaninsa a 1988. In aka haɗa shi da arsenik, fiye da 90 cikin 100 na waɗanda cutar ba ta yi wa tsanani ba sukan warke. Ka'ida kuwa ita ce a fara ba da shi da zarar ido ya yi zato. Sakamakon gwajin gado yakan ɗauki kwanaki, balle inda sai an aika da jinin wani gari. Madubi kuwa sa'a guda ta ishe shi.

Sai dai ba kowane ido ba. Akwai M3 da tsabarsa ba ta fitowa fili, sai gwani ke gane shi ta cibiyar ƙwayar mai kama da fikafikan malam-buɗe-littafi. Saboda haka wajibi ne hukumomin asibitoci, ko suna shirin sayen na'urorin gwajin gado, su ware kuɗin horar da ma'aikatan ɗakin gwaji, su sayi rini mai kyau, su kuma ajiye ATRA a ɗakin magani.