Kafin a sake sa hannu a takardar sayen fulogi

Da wuya a rasa, a harabar kowace ma'aikatar tarayya a Abuja, wata tsohuwar Hilux fara wadda kowa ya san halinta. Ita ake turawa Lokoja da Kaduna da Lafiya, ita ke kwasar kujeru ranar taro, ita ce kuma direbanta ke shigowa duk bayan 'yan makonni da ƙorafi guda: tana misin. Injin yana karkarwa idan an tsaya a danja, tana fizga idan an taka totur a hawa, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Sai a rubuta takarda, oga ya sa hannu, a kai ta Apo a sauya fulogi huɗu. Ta yi kwana goma lafiya, ciwo ya dawo, a sake rubuta wata takardar.

Laifin wannan kai-komo ana ɗora shi a kan bakanike, wani lokaci a kan direba. Kaso mafi girma kuwa yana kan teburin da ke amincewa da kuɗin kayan gyara ba tare da ya taɓa tambayar abin da aka gano ba.

Abin da ake kira misin shi ne ɗaya daga cikin silindar injin ta kasa ƙona abin da aka zuba mata. Kowace silinda tana buƙatar tartsatsin wuta a kan lokaci, da cakuɗen fetur da iska daidai gwargwado, da matsi mai ƙarfi daga fistan. Fulogi yana cikin na farkon ne kawai, kuma ko a nan ba shi kaɗai ke aiki ba. Dalilin da ya sa yake yaudarar mutane shi ne sabon fulogi ya fi tsoho sauƙin ba da wuta, saboda haka ko koyil ɗin da ke ciyar da shi ya fara mutuwa, zai iya ɗan lallaɓawa na 'yan kwanaki. Mai mota ya ga sauƙi, ya ɗauka an warke, alhali zazzaɓin aka kwantar, cutar tana nan.

Yawancin Hilux masu amfani da fetur da ke hannun ma'aikatu suna ɗauke da injin 2TR-FE, mai lita 2.7 da silinda huɗu, wanda Toyota ta fara ƙerawa a 2004. A wannan injin kowane fulogi yana da nasa koyil a kansa, kuma ƙwaƙwalwar motar tana lura da silindar da ke fashi. Idan aka jona mata kwamfuta, lambar P0301 tana nufin silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, har zuwa P0304, ita kuwa P0300 tana nufin misin ɗin yana yawo, bai tsaya wuri ɗaya ba. Daga nan gwajin da ya fi kowanne arha ba ya buƙatar sayen komai. A ɗauke koyil na silindar da ake zargi a musanya shi da na maƙwabciyarta, a tuƙa, a sake dubawa. Idan lambar ta bi koyil ɗin, an kama ɓarawo. Idan ta tsaya inda take, sai a yi wa fulogin haka, sannan nozul.

Bakaniken da ya san aikinsa yana karanta tsohon fulogi kafin ya jefar. Wanda ya fito jiƙe da baƙin mai a jikinsa yana nuna robar murfin injin ta saki, mai yana tsiyaya cikin ramin yana jiƙa koyil, kuma ko fulogi ɗari aka saya haka za su ƙare. Wanda ya yi baƙi ƙirin da toka yana nuna fetur ya yi yawa. Wanda kuma ya fito tas fiye da 'yan'uwansa, kamar an wanke shi, shi ne abin tsoro, don sau da yawa ruwan lagireto ne ke shiga silindar ta gasket ɗin da ya ƙone. Irin wannan motar da sassafe take misin, tana fitar da farin hayaƙi, ruwanta yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba.

A nan ne shaidar direba take da daraja, shi da ba a cika saurara ba. Misin a lokacin da injin ke sulo kaɗai yakan nuna iska tana satar hanya ta wani tiyo da ya tsage. Wanda ke zuwa a hawa ko da kaya yakan koma ga koyil mai rauni ko famfon mai da ya gaji. Wanda ke zuwa bayan ruwan sama ko wankin inji, robar koyil ce ta tsage. Idan duk waɗannan sun fita, saura awon matsi, musamman a tsofaffin da ke da injin 3RZ, waɗanda bawul ɗinsu kan matse da tsufa har ya ƙone idan ba a daidaita shi ba.

Gaskiya ne mai ma yana da nasa hannun. Mazauna Abuja ba su manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci suka lalace, layi ya cika gidajen mai. Jabun fulogi masu ɗauke da sunan Denso da NGK su ma sun cika kasuwa. Sai dai gurɓataccen mai ba ya zaɓen silinda ɗaya. Motar da kullum ta uku ce ke fashi, ba gidan mai ya kamata a zarga ba.

Jinkiri kuma yana da tsada. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa salansa, ya ƙone a cikin matatar hayaƙin da bakanikai ke kira indomi, har ta narke ta toshe, kuma kuɗinta ya ninka na koyil sau da yawa. Shi ya sa idan fitilar inji ta koma ƙyaftawa maimakon tsayawa, ake son a sassauta a nemi wurin tsayawa. Tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, kowace litar da ta fita ta salansa ana jinta a kasafi, kuma direban da ake harara kan ƙarewar mai ƙila injin ne ya shanye. Duk wannan ƙarami ne a kan motar da ta yanke ƙarfi tana tsakiyar wuce tirela a hanyar Lokoja, da ma'aikata biyar a ciki.

Tsarin biyan kuɗi a ofis ya fi son abin da za a iya nunawa a kwali. Fulogi huɗu suna da rasit, awa biyun da bakanike ya yi yana bin sawun cuta ba su da shi, don haka shi ma ya koyi sayar da kwali. Ya kamata jami'an sufuri su ware kuɗin bincike a layi na dabam, su kuma ƙi karɓar takardar da ba ta faɗi lambar da kwamfuta ta nuna da gwajin da aka yi ba. Kwamfutar ma ba boka ba ce: silinda take nunawa, ba ta faɗin dalili, kuma akwai masu goge lambar su ce an gyara. Maganin wannan ƙaramin littafi ne a aljihun mota, inda za a riƙa rubuta kwanan wata, da kilomita, da lambar da ta fito, da abin da aka sauya, a kuma dawo da tsohon kayan ofis. Idan P0303 ta bayyana karo na biyu a shafi ɗaya, takarda ta gaba ta awon matsi ce.