LAFIYA UWAR JIKI: Dashen ciki, abin da ya kamata ma'aurata su sani kafin su kama hanya

Binciken da aka yi a Nijar a shekarar 2012 ya nuna cewa a tsakaice mace guda tana haihuwar yara 7,6 a tsawon rayuwarta, a jihar Damagaram kuwa lissafin ya zarce 8. A gari irin Yauri, cikin ƙasar Matameye, da wuya mako ya fita ba a yi suna a unguwa ba. Saboda haka ne ciwon rashin haihuwa ya fi zafi a nan bisa ga wurare da dama. Matar da ta shekara biyar a ɗaki ba ɓari ba goyo ta san abin da ake faɗa a bayanta, ta san habaicin dangin miji, ta kuma san cewa batun kishiya ko takardar saki yana tafe. Amma matsalar ba ta Yauri kaɗai ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Afrilu na 2023 ya ce kusan mutum ɗaya cikin shida na baligan duniya yana gamuwa da ita a wani lokaci na rayuwarsa.

A ƴan shekarun nan, ƴan kasuwa masu zirga-zirga Kano, Abuja da Lome, da ma'aikatan da suka yi zama a manyan birane, suna dawowa da labarin wani magani da ake kira dashen ciki, wanda a allunan asibitocin ƙasashe masu Faransanci ake rubuta shi FIV, a Nijeriya kuma IVF. Wasu na kallonsa kamar tsafin Nasara, wasu kuma na zaton da zarar an biya kuɗi an sayi ɗa. Dukan ɓangarorin biyu sun kauce hanya.

Asalin abin

Sunan «jaririn kwalba» da aka laƙaba wa wannan aiki ya ɓata shi a idon jama'a. Babu jaririn da ke girma cikin kwalba. Abin da ake yi shi ne a ɗebo ƙwan haihuwa daga jikin matar, a haɗa shi da maniyyin mijinta a ɗakin bincike, bayan kwana uku zuwa biyar a mayar da ɗan tayin cikin mahaifarta, ta goyi cikinta wata tara kamar kowace mace. An fara dacewa da wannan a Ingila, inda aka haifi Louise Brown ranar 25 ga Yuli 1978, a hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards, wanda ya samu kyautar Nobel a 2010. Faransa ta bi sahu a 1982. A yammacin Afirka, asibitin Biasa na Lome ya samu jaririnsa na farko a 1997, sai asibitin Nisa na Abuja, a hannun Dakta Ibrahim Wada, a watan Fabrairu na 1998. Yau yaran da aka haifa ta wannan hanya a duniya sun haura miliyon 10, ita Louise Brown ɗin ma ta yi aure ta haihu ba tare da dashe ba.

Kafin a kai ga dashe

Likitoci ba sa kiran abu rashin haihuwa sai ma'aurata sun shekara guda suna tare ba tare da tsarin iyali ba kuma ciki bai shiga ba; idan matar ta haura 35, wata shida ya isa a nemi likita. Matakin farko ba Abuja ba ne. Ana farawa daga likitar gari, a wuce asibitin Matameye, daga can zuwa likitocin mata na Damagaram. Da yawa daga masu wannan larura ba su buƙatar dashe: wata ƙwayoyin da ke taimakon ƙwai ya nuna sun ishe ta, wata ƙari ne a mahaifa da za a cire, wani kuma ciwon sanyi ne da ya daɗe bai samu magani ba. Dashen ya fi amfani ga matar da hanyoyin ƙwanta biyu suka toshe, abin da ke yawan biyo bayan cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari, ko ciwon sanyi, ko tarin fuka, ko ma tsargiya, wadda masu aikin fadama da wankan tafki suka sani.

Akwai gaskiya guda mai nauyin faɗa a zauren maza. A kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa, akwai matsala a wajen namijin, ko shi kaɗai ko tare da matar. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, lafiyar maniyyinsa daban. Awon maniyyi shi ne mafi arha da sauƙi cikin dukan gwaje-gwajen, ana yinsa bayan hutun kwana biyu zuwa bakwai. Maigidan da ya ƙi wannan awo ya tura matarsa ita kaɗai ya zuba kuɗinsa a rijiya gaba dubu, wanda kuma ya ƙara aure don neman ɗa bai gwada kansa ba yana iya tara mata huɗu a kan larura guda. Tun 1992, lokacin da likitocin Buruksel suka gano dabarar cusa ƙwayar maniyyi guda cikin ƙwai da allura, mazan da maniyyinsu ke da rauni ƙwarai ma suna samun rabo.

Yadda aikin ke tafiya

A zuwan farko, asibitin zai auna jinin miji da mata don duba sida, ciwon hanta da sikila, ya yi wa matar ekogarafi da awon jini don sanin yawan ƙwan da ya rage mata. Ya kyautu a tafi da dukan tsofaffin takardun likita, kome tsufansu.

Aikin kansa yakan fara ne da zuwan al'ada. Matar za ta riƙa karɓar allura a fatar ciki kowace rana, kwana 8 zuwa 14, domin ƙwai da yawa su nuna a lokaci guda maimakon guda ɗaya na kowane wata. Cikin waɗannan kwanaki ana duba ta duk bayan kwana biyu ko uku, a ƙara magani ko a rage. Ke nan ba aikin da za a yi daga Yauri ana zuwa ana dawowa ba ne. Sai an tanadi masauki na kimanin mako uku kusa da asibitin, ma'aikaci ya nemi kwanje, ɗan kasuwa ya samu mai tsare masa shago. Yawancin alluran suna son sanyi, saboda haka masaukin da ba firigo ko wuta ba ta zama matsala ne.

In ƙwan ya nuna, sai a yi allurar ƙarshe a sa'ar da likita ya yanka, domin bayan awa 36 ko ƙasa da haka kaɗan za a ɗebo ƙwan. Idan aka ce ƙarfe tara na dare, to tara ɗin ce. Saɓa wannan lokaci yana iya rushe aikin gaba ɗaya. Ɗibar ƙwan ba fiɗa ba ce: ana yi wa matar allurar barci, a bi ta gaba da siririyar allura, cikin minti 20 zuwa 30 an gama, ta koma masauki a ranar. A ranar ce kuma ake buƙatar maigida ya ba da maniyyinsa.

Daga nan sai lissafi ya fara raguwa, kuma ya kamata a shirya wa hakan. Ba dukan ƙwan da aka ɗebo ba ne ya nuna, ba dukan wanda ya nuna ke haɗuwa da maniyyi ba, ba dukan wanda ya haɗu ke rayuwa zuwa kwana na biyar ba. Mayar da ɗan tayin cikin mahaifa aikin ƴan mintoci ne, galibi ba a buƙatar allurar barci. Bayansa ana ba matar maganin riƙe ciki, ta ci gaba da harkokinta marasa nauyi, don kwanciya dare da rana ba ta ƙara kome. Sai jira na kwana 10 zuwa 14 kafin awon jini ya faɗi gaskiya. Waɗanda suka bi ta wannan hanya sukan ce jiran nan ya fi alluran wuya.

Rabo da haɗari

Alƙaluman hukumar da ke sa ido kan wannan aiki a Ingila na shekarar 2019 sun nuna cewa cikin kowane ɗan tayi 100 da aka dasa, 32 ne suka kai ga haihuwa ga matan da ba su kai 35 ba, 25 ga masu 35 zuwa 37, 19 ga masu 38 zuwa 39, 11 ga masu 40 zuwa 42, sai 5 ko ƙasa ga waɗanda suka haura haka. Darasi biyu ne a nan. Na ɗaya, ko a ƙasar da aka ƙago abin, faɗuwa a karon farko ta fi dacewa yawa, don haka duk asibitin da ya yi alkawarin ɗari bisa ɗari a guje shi. Na biyu, shekarun matar su ne jarin. Shekara goma da aka kwashe ana yawon jiƙe-jiƙe da turare ba ta dawowa.

Alluran kan jawo kumburin ciki, ciwon kai da saurin fushi. Ga kaɗan daga mata, gidan ƙwan yakan kumbura fiye da kima. Ciwon ciki mai tsanani, amai, ƙarancin fitsari ko wuyar numfashi alamu ne na komawa asibiti nan take. Sai batun tagwaye. Bahaushe na murna da Hasan da Husaini, wasu ma kan roƙi likita ya dasa uku ko huɗu don kada kuɗi su tafi banza. To amma cikin ƴan biyu ko ƴan uku ya fi kawo hawan jini da haihuwar bakwaini, ga shi wurin renon bakwaini yana da nisa daga ƙauye. Dasa ɗaya, ko biyu in ya yi yawa, a daskarar da sauran don wani karo, shi ya fi aminci.

Kuɗi, iyaka da ƴan damfara

Ana lissafin kuɗin dashe da miliyoyi ne, ko da naira ko da sefa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jaka 42 tun farkon 2024. Kafin a sayar da gona ko garke, a nemi asibitin ya rubuta farashi dalla-dalla: shin da magani a ciki, nawa ne daskarar da ɗan tayi a shekara, me za a mayar idan aka tsaya a tsakiya. A kuma tambaye shi yawan matan da suka haihu a hannunsa, ba yawan waɗanda awo ya nuna ciki ba. Ga mutumin Yauri, Kano ta hanyar Ɗan Barto da Daura ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, amma kada a manta an rufe wannan iyaka daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, kuma allurar dashe ba ta jiran a buɗe shinge.

Inda ake da matsuwa, nan macuta ke kafa rumfa. A watan Nuwamba na 2024, wani binciken BBC ya bankaɗo masu yaudarar mata a jihar Anambra ta Nijeriya da sunan «ɓoyayyen ciki», su kumbura musu ciki da magunguna, su hana su zuwa wani asibiti, a ƙarshe su miƙa musu jaririn da aka saya. Cikin gaskiya yana fitowa a ekogarafin kowane asibiti.

Abin da malamai suka ce

Tun 1980 muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙƙi, ya ba da fatawar halaccin dashe da sharaɗin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma igiyar aure tana nan. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a taronta na Amman a 1986, ta haramta shigowar ƙwai, maniyyi ko mahaifar wani na uku. Majalisar fiƙihu ta Makka ta taɓa yarda a 1984 a dasa ɗan tayin mace a mahaifar kishiyarta, sai ta janye wannan izini a 1985 saboda tsoron cuɗewar nasaba. Haka kuma ba a dasa ɗan tayin da aka daskarar bayan saki ko mutuwar miji. Da yake wasu asibitocin kudu suna aiki da ƙwan aro, wajibi ne ma'aurata su karanta takardar yarjejeniya kafin su sa hannu, su faɗi abin da ba su yarda da shi ba.

Haihuwa kyauta ce ta Allah, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Abin da ya rage ga ma'aurata shi ne su tafi tare, su tafi da wuri, su tafi da sanin cewa ana iya dawowa hannu wofi a karon farko. Dangi kuwa, mafi girman gudummawarsu ita ce su kame bakinsu daga matar da ba ta da laifin kome. Allah ya ba masu nema, ya raya wa masu shi.