Tsofaffin motocin rimot: A gyara su a sake su su yi gudu, kada a kulle su a kwali

A shafukan gwanjo na intanet irin su eBay akwai wata haja da ba ta kwantai: tsofaffin motocin wasa masu rimot, waɗanda aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1990.

Yawancin masu sayensu magidanta ne da suka fara furfura, a Japan da Birtaniya da Jamus da Amurka da Ostareliya. Wasu sun yi wasa da irinsu suna yara. Wasu kuwa sun sha tsayawa suna leƙensu ta gilashin kanti, ba kuɗin saya, sai yanzu da hali ya samu.

Masu wannan sha'awa sun rabu gida biyu. Akwai masu neman motar da ba a taɓa buɗe kwalinta ba, su biya kuɗi mai tsoka, su adana ta yadda ko iska ba za ta taɓa ta ba. Akwai kuma masu sayen wadda ta sha wuya, taya ya fashe, giya ta cinye, su kwance ta ɗaiɗai, su gyara, su fita da ita fili ta tayar da ƙura.

Ɓangare na biyu ne ke kan hanya. Dalili kuwa yana cikin yadda aka ƙera motocin tun farko.

Daga katako zuwa rimot

Kamfanin da ya fi suna a wannan harka shi ne Tamiya, da ke birnin Shizuoka na Japan. Yoshio Tamiya ne ya kafa shi a 1946 a matsayin wurin yankan katako. Daga baya ya koma yin ƙananan samfuran jiragen ruwa da na sama da katako, sannan da roba.

Ɗansa Shunsaku Tamiya, wanda ya mutu a watan Yulin 2025 yana da shekara 90, shi ya ɗaga kamfanin zuwa matsayin da yake a yau. Mutum ne mai naci kan daidaito. Har motar Porsche 911 ta gaske kamfanin ya saya, aka kwance ta, don kawai a auna kowane sashe a ƙera ƙaramarta yadda take.

A 1976 Tamiya ya fitar da motarsa ta farko mai rimot, Porsche 934, mai lamba 58001. Daga nan lambobin suka ci gaba da hawa. Motoci 100 na farko, daga 58001 zuwa 58100 da aka fitar a 1991, su ne masu tarawa suka fi farauta.

A cikinsu akwai Sand Scorcher ta 1979, wadda aka kwaikwayo daga Volkswagen Beetle ta tseren sahara. Akwai ƙaramar Toyota Hilux ta 1981, mai giya uku da ake sauyawa daga rimot. Akwai Grasshopper da Hornet na 1984, masu sauƙin kuɗi, waɗanda suka shigar da ɗimbin yara wannan harka.

Wasu kamfanonin ma sun taka rawa. Kyosho na Japan ya fitar da Scorpion a 1982 da Optima a 1985, mai jan ƙafa huɗu da sarƙa kamar ta keke. A Amurka kuma, Team Associated ya fito da RC10 a 1984, mai gindin alminiyam ruwan zinare. Da ita Jay Halsey ya lashe ɗaya daga cikin kambuna biyu na gasar duniya ta farko ta irin waɗannan motoci, wadda aka yi a Del Mar, jihar Kalifoniya, a 1985.

Abin da ke cikin kwalin

Wanda bai san su ba zai ɗauka irin motocin rimot ne da ake sayar wa yara a kanti a haɗe. Akwai bambanci babba. Waɗannan a warwatse suke zuwa. Yawancinsu kashi ɗaya ne cikin goma na girman motar gaske, kuma idan aka buɗe kwalin, abin da za a tarar shi ne ledojin sukurori da notuna da haƙoran giya da sifirin, da ƙaramin injin lantarki, da littafi mai zane da ke nuna inda kowane abu zai shiga.

Yaro ɗan shekara 12 zai zauna, wani lokaci tare da mahaifinsa, ya yi kwanaki yana haɗawa. Shi zai shafa giris a giya. Shi zai zuba mai a shokozoba idan motar mai irinta ce. Shi zai yi wa bodi fenti ya manna sitika.

Kafin ya gama, ya san yadda giyar tsakiya ke barin tayoyin baya su juya da gudu daban-daban a kan kwana. Ya san dalilin da ya sa mota ke jan gefe ɗaya idan sandar sitiyari ta fi 'yar uwarta tsawo. Ya koyi waɗannan da yatsunsa tun kafin ya ji sunansu a aji.

Sannan kowane sashe yana da lambarsa a bayan littafin. Idan ya karye, a je kanti a sayo shi kaɗai a musanya. Masu ƙerawar sun san motar za ta yi karo da bango, za ta kife, za ta karye. Sun tsara ta ne yadda mai ita zai iya tayar da ita da kansa. Shi ya sa motar da ta shekara 40 ke iya komawa kan taya a yau.

Yadda ake farfaɗo da su

Aikin gyaran yana buƙatar haƙuri fiye da kuɗi. Da farko a kwance motar gaba ɗaya, a wanke tsohon giris da ya daskare. A nan ne sabon shiga ke fara kuskure: sukurorin Japan suna kama da na sukundireba mai kan kuros da aka saba da ita, amma ma'auninsu daban ne. Idan aka matsa da wadda ba ta dace ba, sai kan sukurun ya cinye.

Roba ce babbar matsala. Shekaru da hasken rana suna busar da ita ta yi ƙamas, ta yadda ɗan ƙarin ɗauri kaɗan zai tsaga ta. Farar roba kuma takan koma ruwan ɗorawa. Wasu sukan jiƙa ta a sinadarin haidurojin feroksaid su shanya a rana don farinta ya dawo. Tayoyi sukan tsattsage, sai an nemo wasu.

Sai ɓangaren lantarki. Tsofaffin motocin suna amfani da batir mai ƙwaya shida, mai ƙarfin bolt 7.2. Abin sarrafa gudunsu wani makunni ne da ake juyawa mataki-mataki, tare da wani farin dutse da ke shanye rarar wuta, wanda ke yin zafin da zai ƙona yatsa. Idan batir ya yi sanyi, wani lokaci rimot ya daina kama motar, ta yi ta gudu sai ta samu abin da ya tare ta.

Rimot ɗin ma na wancan zamani ne. A ƙasashe da dama tashoshi shida ne aka fi amfani da su a zangon mita 27 MHz, kowace da launin tutarta. Idan mutum biyu suka hau tasha ɗaya, rimot ɗin wannan zai riƙa juya motar wancan.

Masu gyara don tuƙi sukan cire waɗannan su adana, su sa rimot na zamani mai 2.4 GHz da na'urar sarrafa gudu ta lantarki. Sukan kuma maye gurbin zoben roba da ke riƙe da gatari da boris na ƙarfe. Abin da masu hankali ke gudu shi ne ɗora wa tsohuwar mota sabon inji mai ƙarfin gaske, domin cikin mintuna kaɗan zai zubar da haƙoran giyarta.

Hujjar masu kullewa

Masu adanawa ma ba su rasa abin faɗa ba, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa motar asali ba ta da madadi. Duk wadda aka buɗe aka haɗa, adadin waɗanda suka rage a kwali ya ragu har abada. Duk bodin asali da ya fashe, ya tafi ke nan. Wani dole ya adana wasu yadda suka fito daga masana'anta, don na baya su ga ainihin yadda abin yake.

Wannan gaskiya ne, kuma aikin gidajen tarihi ne da 'yan tsirarun masu tarawa na haƙiƙa. Tamiya kansa yana da ɗakin adana tarihi a hedikwatarsa da ke Shizuoka.

Sai dai abin da ke faruwa a kasuwar ya wuce adana tarihi. Motar da ba a buɗe ba tana ninka wadda aka yi amfani da ita kuɗi sau da yawa. Wannan ya jawo masu kallon kwalin a matsayin jari, kamar fili ko gwal. Irin waɗannan ba ruwansu da yadda giyar ke aiki. Su dai kada kusurwar kwali ta lanƙwashe.

Abin da suka manta shi ne roba ba ta jiran kowa. Tayar da ke cikin kwali tana bushewa kamar ta waje. Sitika tana sakin danƙonta. Mai kullewa yana tsaron abin da ke lalacewa a hankali, ba tare da kowa ya more shi ba.

Kamfanonin da kansu sun rage ƙarfin hujjar ƙarancin kaya. Tamiya ya sake fitar da Hornet a 2004, Grasshopper a 2005, Sand Scorcher a 2010. Team Associated ya dawo da RC10 a 2013, Kyosho ya dawo da Scorpion a 2014. Da yawa daga cikin sassan sababbin suna shiga jikin tsofaffin. Abin da ba a samu ba kuma, yanzu ana iya zana shi a kwamfuta a buga shi da na'urar buga abubuwa ta 3D. Mai tsoron fasa bodin asali zai iya ajiye shi, ya ɗora sabo ya yi tuƙinsa.

Wasu kuma za su ce duk abin begen ƙuruciya ne kawai, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma magidancin da ya zauna da ɗansa ko 'yarsa suka kwance motar 1984 suka tayar da ita, ya miƙa wa yaron abin da zai yi masa amfani gobe. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya shafi gida

Wannan sha'awa ba ta kafu a ƙasar Hausa ba, kuma da tsadar dala da kuɗin jigila, ba wanda zai ba magidanci mai fama da cefane shawarar ya yi odar motar wasa daga Japan. Amma tushen abin ba baƙo ba ne.

Duk wanda ya tashi a unguwannin Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san motar kara da motar gwangwani da motar waya. Yaro ya samo karan dawa ko gwangwanin madara, ya yanko tsohon silifa ya yi taya, ya ɗaura doguwar sanda ta zama sitiyari. Idan gatari ya karye, a nan take zai zauna ya gyara. Abin da yaron Shizuoka ke koya daga kwali, shi ne yaron nan ke koya daga bola, kuma shi babu ma littafin da ke nuna masa.

A yau, abin da ya fi yawa a hannun yaran birni lokacin Sallah shi ne motar rimot ta roba mai arha, wadda ba a samun kayan gyaranta ko'ina. Kafin a gama yawon Sallah ta mutu, an jefar. Darasin da yaro ya ɗauka shi ne idan abu ya lalace, a yar a sayi wani.

Alhali ƙasar tana cike da masu gyara. Kasuwar Panteka a Kaduna da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano shaida ne cewa hannu da basira suna nan. Matasan da ke tayar da matacciyar waya a can, da yawansu sun fara ne da kwance rediyon gida suna shan faɗa.

Saboda haka idan motar Sallar bana ta tsaya, kafin a kai ta bola, a ba yaro sukundireba a zauna tare da shi. Sau da yawa waya ce ta tsinke, ko tsatsa ta kama wurin batir, ko haƙorin giya ɗaya ya gutsure. Ko da ba ta tashi ba, injinta zai iya juya farfela ko ya ja motar gwangwani. Makarantun firamare da na sakandare ma za su iya tara irin waɗannan matattun motoci su zama kayan darasin kimiyya da fasaha, ba tare da kashe wani kuɗin kirki ba.

Tsofaffin motocin Tamiya da Kyosho sun kai shekara 40 ne saboda an yi su yadda za a buɗe su, kuma an samu masu buɗewar. Wanda ya mallaki ɗaya, ya sa mata batir ya fita da ita fili. Idan ta karye, lambar sashen tana nan a bayan littafin.