Idan Gari Ya Shiga Sarin Wutar Lantarki

Duk wanda ya taɓa haɗa kuɗi da maƙwabta aka sayo buhun gero a Dawanau aka raba, ya san farashin mai sari daban yake da na mai awo. A kan wannan dabara ce wasu ƙananan hukumomi a Amurka suka gina wani tsari da nake bibiya a 'yan makonnin nan, wato gari guda ya dunƙule ya zama mai ciniki ɗaya, ya saro wa mazaunansa wutar lantarki.

Kamfanin da ya saba raba wuta yana nan da turakunsa da wayoyinsa da mitocinsa, shi ke gyara idan an sami matsala, shi ke kawo takardar biya a ƙarshen wata. Abin da ya sauya shi ne wanda ke zuwa kasuwa ya yi cinikin wutar a wajen masu samar da ita. Majalisar gari, ko gamayyar garuruwa, ita ke karɓar wannan aiki. Jihar Masacusets ce ta fara ba da damar a 1997, Ohayo ta biyo baya a 1999, sai Kalifoniya a 2002, bayan rikicin wuta na 2000 zuwa 2001 da ya jefa jihar cikin duhu da tsada.

Kamfanoni ba su yi maraba da lamarin ba. A 2010, shekarar da gundumar Marin ta ƙaddamar da shiri na farko a Kalifoniya, kamfanin PG&E ya kashe kusan dala miliyan 46 a kan wata ƙuri'ar raba gardama, yana neman a wajabta wa kowane gari samun amincewar kashi biyu bisa uku na masu zaɓe kafin ya shiga harkar. Jama'a suka yi fatali da bukatar. Wanda ya zuba irin wannan dukiya don toshe ƙofa, ya san abin da zai fita ta cikinta.

Sai dai akwai wani lungu na tsarin da ya fi tsaya mini a rai. Da zarar majalisa ta amince, ana sanya kowane gida a cikin shirin kai tsaye, a aika masa da wasiƙa cewa idan ba ya so, ya sanar a cire shi. Mafi yawan mutane ba sa cewa komai, kuma daga wannan shirun ne shirin ke samun yawan da yake taƙama da shi a teburin ciniki. To, shirun magidancin da bai ma buɗe wasiƙar ba, yarda ce? A ganina amana ce aka ɗora wa kansila ba tare da mai ita ya furta ba, kuma irinta ta fi nauyi.

Nauyin yana bayyana ranar da kasuwa ta juya. A 2021 wani shiri mai suna Western Community Energy a gundumar Riverside ya karye, bai fi shekara guda da 'yan kai da soma aiki ba, bayan tsadar wuta a lokacin zafi da tarin bashin da jama'a suka kasa biya a zamanin korona. A 2022 kuma gamayyar NOPEC ta Ohayo ta mayar da kimanin masu amfani da wuta 550,000 ga tsofaffin kamfanoninsu, domin farashinta ya zarce nasu. Ni dai na yaba wa NOPEC, ta zaɓi jin kunya a kan ta ci gaba da tatsar mutanenta. Amma kansilan da ke shirin ɗaga hannu a yau ya kamata ya tambayi wanda zai ɗauki asara, da ajiyar da aka tanada, da kuma ko garin yana da ƙwararrun da suka iya karanta kwantiragin shekara goma kafin a sa hannu.

Wani ɗalibina ya tambaye ni ko za a iya yin haka a nan, tunda Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwarsu, Kotun Ƙoli kuma ta yi hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Na ce masa ya yi hattara da kwaikwayo. A can wutar tana nan, kowane gida da mitarsa, gardamar a kan farashi ce da ko daga rana ko iska ko gas za a samo ta. Mu kuwa abin da layin ƙasa ke rabawa da ƙyar yake haura megawat 5,000, gidaje da dama kuma har gobe kintace ake yi musu.

Duk da haka mun fi su saba wa haɗin gwiwa. Bara a unguwarmu muka yi karo-karo muka sayi taransifoma, mai albashi da mai shago da gwauruwa kowa ya ba da nasa. Da aka ɗaura ta, sai aka shaida mana ta zama mallakin kamfani. Ba mu nemi ragin ko kwabo ba, ba mu nemi a rubuta mana awa nawa za a riƙa ba mu wuta ba, kuma babu kansila ko ɗaya a wajen zaman.